Turin da Roma: a sawun mai baƙar safar hannu

"Kawu, don Allah me za mu gani a nan da sha ɗayan dare?"

Ɗan yayata ne ke tambaya, ya cusa hannuwa cikin aljihun rigar sanyi, yana ta waige-waige. Shekararsa ta uku ke nan yana karatun injiniya a Turin, kuma ya saba da baƙi daga gida. Kowa ya zo, filin ƙwallon Juventus yake cewa a kai shi, daga nan sai kantin takalma. Ni kuwa ko kwana ban yi ba na fito da shi cikin sanyin Oktoba, wai sai ya raka ni wani ɗan dandali da ake kira Piazza CLN.

Wurin bai kai ya kawo ba in dai girma ake magana. Yana kan babban titin Via Roma, a bayan wasu majami'u biyu masu kama da tagwaye. A jikin kowace akwai kwarmin ruwa da mutum-mutumi a kishingiɗe: namijin yana wakiltar kogin Po, macen kuma kogin Dora, biyu daga cikin kogunan da suka ratsa garin. Sauran duk ginshiƙan dutse ne da tagogi masu layi ɗaya. Da rana mutane wucewa kawai suke yi. Da dare kuwa, in motoci suka ɗauke, ba ka jin komai sai zubar ruwa da takun takalminka yana dawo maka.

Na tsaya gaban namijin mutum-mutumin, na ɗaga kai ina duban tagogin bene, sai na ji tsigar jikina ta tashi. A nan Dario Argento, daraktan finafinan tsoro na Italiya, ya ɗauki fitowar da ta sa na biya kuɗin jirgi.

Sana'ata tace hoto ce. Bidiyon biki, tallan shago, wani lokaci ƙananan finafinai. Kafin shekaru kaɗan da suka wuce, in aka ce fim ɗin Italiya, kaboyi ne kawai ke zuwa mini, irin waɗanda iyayenmu suka kalla a silima har suka riƙa yi wa abokai laƙabi da Jango. Wani abokin aiki ne ya tura mini Profondo Rosso, fim ɗin Argento na 1975, a cikin tarkacen finafinan da ya kwafo, ya ce in duba yadda suke yanka hoto. Labarin wani Bature ne makaɗin fiyano, yana tsaye a wannan dandali da dare, kusa da wata mashaya, tare da abokinsa da ya bugu, sai suka ji ihu. Ya ɗaga kai ya ga ana kashe wata mata a jikin taga. Ya ruga ya hau benen, ya ratsa wani siririn lungu cike da zane-zane a bango, ya tarar aikin gama ya gama. Da 'yan sanda suka zo, sai ya ce musu shi fa kamar an ɗauke wani zane daga lungun nan. Suka ce ba abin da aka taɓa. Duk tsawon fim ɗin, abin da ke cin ransa ke nan: na ga wani abu, amma mene ne?

Da aka warware a ƙarshe, sai na ce ƙarya ne, ba a nuna mana ba. Na mayar da fim ɗin baya, na sa shi a kwamfutar aikina, na bi shi hoto bayan hoto. Wallahi fuskar mai kisan tana nan, a fili, tun farkon fim. Na gan ta da idona a kallon farko, ƙwaƙwalwata ce ta ajiye ta a inda bai dace ba.

Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji. Waɗannan finafinai gardamar wannan magana suka zo yi. A fim ɗin Argento na farko, na 1970, wani marubuci ne ya maƙale tsakanin ƙofofin gilashi biyu na wani ɗakin baje zane, yana kallon mace da namiji suna kokawa da wuƙa, ba ya iya shiga, ba ya iya fita. Ya ga komai tiryan-tiryan, amma ya ɗauki abin da ya gani a baibai. Shaidan gani da ido wanda idon nasa ya yaudare shi, shi ne jarumin da suka fi so, kuma a ganina nan ne babbar fa'idarsu take. Ba su ɓoye maka komai, sai dai su bar ka ka ruɗi kanka.

Na yi wa yaron wannan bayani a tsaye cikin sanyi. Ya ce, "To Kawu, ina mashayar da kake cewa?" Babu ita. Ta katako ce aka kafa don fim, aka gama aka kwashe. Abin da ke nan na gaske ya fi fim muni: a lokacin yaƙin duniya na biyu, 'yan sandan ciki na Jamus sun mayar da wani otal na wannan dandali hedikwatarsu, kuma sunan CLN na ƙungiyar da ta yaƙe su ne. Ya ce shi shekara uku yana bin titin nan bai sani ba. Muka koma gida a ƙafa ta ƙarƙashin rumfunan dutsen da suka lulluɓe gefen titunan Turin, waɗanda tsawonsu ya kai kilomita 18. Ruwa ya fara yayyafi, ko ɗigo bai taɓa mu ba.

Italiyawa suna kiran irin waɗannan finafinai giallo, ana furta shi kamar "jallo". Ma'anarsa ruwan ɗorawa. A 1929 kamfanin ɗab'i na Mondadori da ke Milan ya fara fitar da littattafan binciken kisa masu bango ruwan ɗorawa, sunan launin ya bi labarin har yau. Ɗan yayata ya ce ko a jarida, in aka tsinci gawa ba a san wanda ya yi ba, giallo suke rubutawa.

Washegari muka tafi Mole Antonelliana, dogon ginin nan mai tsini da ke bayan kwabon Italiya na santi biyu. An fara shi a 1863 da niyyar wurin ibadar Yahudawa, kuɗi ya gagara, hukumar gari ta karɓa, aka gama a 1889. Tsawonsa ya haura mita 167. Tun shekarar 2000 gidan tarihin silima na ƙasa ke ciki, kuma na yi sa'a a 2022 ɗin da na je suna baje kolin ayyukan Argento. A tsakiyar zauren akwai jajayen kujeru na kishingiɗa, ka kwanta kana kallon majigi, ga lifta ta gilashi tana hawa ta tsakiyar iska ba bango ko ɗaya a gefenta. Na shiga, na yi da-na-sani tun kafin a kai rabi. Mai son fim ɗin tsoro, ga shi ya rufe ido yana salati a gaban 'yan makaranta.

Da yamma muka tsallaka Po muka hau tudu neman Villa Scott, gidan da jarumin ya shiga da tocila yana ƙanƙare bango. Hawan ya ba ni wuya. Gidan na masu shi ne, daga bakin ƙofa kawai ake leƙe. Pietro Fenoglio ya zana shi a 1902, kuma ban taɓa ganin gini mai ado irinsa ba: tagogi masu lanƙwasa kamar ganye, furanni na siminti, matakala tana murɗawa. Ba kufai ba ne, ba yanar gizo-gizo, ba jemage. Lokacin da aka ɗauki fim ɗin ma makarantar 'yan mata ce a hannun mata masu hidimar coci. Nan na gane wani abu na biyu. Finafinan tsoron da muka saba gani suna kai ka wuri mai muni su ce ka ji tsoro. Italiyawa wuri mai kyau suke kai ka, mai haske, mai tsada, su sa ka kasa sakin jiki a cikinsa.

Muka sauko muka ci kuskus a wajen 'yan Maroko a kasuwar Porta Palazzo, na kwanta da wuri.

Daga Turin zuwa Roma awa huɗu da 'yan kai ne a jirgin ƙasa mai gudu. Yaron yana da lacca, ni kaɗai na tafi. A hanya Mario Bava ne a raina, wanda shi ne uban gidan wannan sana'a, kuma shi na fi ji a jikina saboda talaucin kayan aikinsa irin namu ne. An haife shi a 1914, ya rasu a 1980. Zane ya fara koya, sannan ya zama mai ɗaukar hoto, mahaifinsa kuma masassaƙi ne mai yi wa finafinai dabaru. A wani fim ɗin masu shan jini da ya fito a 1957, darakta ya yi fushi ya tafi ana tsakar aiki, Bava ya ƙarasa shi cikin 'yan kwanaki, kuma daga nan ake ƙirga farkon fim ɗin tsoro mai magana a Italiya. In ba kuɗin gina fada, sai ya zana ta a jikin gilashi ya ajiye gaban kyamara. A wani fim na 1971 labari ya buƙaci daji, wurin ɗauka kuwa ba bishiyoyin kirki, sai ya sa aka riƙa gifta rassa a gaban kyamara. Keken tura kyamara ma babu, keken wasan yara ya ɗora ta a kai. Wannan fim ɗin ne Amurkawa suka kwaikwaya bayan shekara goma suka cika duniya da finafinan matasa a bakin tafki ana yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Duk wanda ya taɓa ɗaure kyamara a bayan babur don ya samu hoto mai tafiya, ya san Bava ɗan'uwansa ne.

Da na sauka a tashar Termini na ajiye jaka, matakalar Piazza di Spagna na fara nufa, inda wata baƙuwa daga Amurka ta ga kisa a fim ɗinsa na 1963, wanda ake ɗauka shi ne giallo na farko. Ban daɗe ba. Jama'a kamar ana rabon kuɗi, kowa da waya a sama, 'yan sanda suna hura usur in ka zauna. A fim ɗin wurin wayam yake, ruwan sama ya wanke jinin kafin gari ya waye, shi ya sa ba wanda ya yarda da ita. Na ƙirga matakala har na ɓata lissafi na sauko.

Unguwar Coppedè ce ta biya ni wahalata. 'Yan gidaje ne kewaye da wani dandali, Piazza Mincio, wani mai zanen gini Gino Coppedè ya tsara su, ya rasu a 1927. Ta ƙarƙashin wata babbar baka ake shiga, an rataye mata fitilar ƙarfe kamar ta falon sarki, a tsakiyar titi. Ciki akwai kwarmin ruwa mai kwaɗi, ga wani gida da aka zana ƙaton gizo-gizo a saman ƙofarsa. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe Gizo har Roma ya yi gida, saura Ƙoƙi. Argento ya ɗauki hoto a nan don fim ɗinsa na 1970, ya sake dawowa don fim ɗinsa na 1980. Na zauna har magariba ta kawo jiki aka kunna fitilu, inuwar ƙarafan baranda ta zubo kan bango. Wata tsohuwa ta fito da ɗan karenta, ta dube ni, na dube ta, kowa ya tsorata da ɗan'uwansa.

Dariyar Gizon nan ba a banza ta zo ba. Mafi shaharar finafinan Argento, Suspiria na 1977, tatsuniya ce tsantsa: yarinya ta je makarantar rawa a Jamus, ashe gidan mayu ne. In ka bi shi da lissafin hankali ba ka ƙaruwa da komai, kamar ka tambayi kaka me ya sa Dodo yake magana. Launi ne ke ba da labarin. Ja kamar an zuba manja a wuta, shuɗi, kore, ba ruwansu da inda fitilar ɗakin take. Shi da mai ɗaukar hotonsa Luciano Tovoli sun wanke fim ɗin da tsohuwar na'urar Technicolor da ta rage a Roma, ana dab da daina amfani da ita. Har mariƙin ƙofofi an ɗaga su sama, don 'yan matan su riƙa miƙa hannu kamar ƙananan yara. Mai kallo ba zai lura ba, amma jikinsa zai ji ya ƙanƙance.

Sai kiɗa. A nan kam ji ne ya kori gani. Ennio Morricone, wanda ya yi wa finafinan kaboyi fito da bushe-bushen da kowa ya sani, shi ya yi kiɗan finafinai uku na farko na Argento, da muryar mace tana rera abu kamar na lallashin jariri. Daga baya wasu samari masu suna Goblin suka karɓa, da ƙararrawa da raɗa da gurnani. Na taɓa gwadawa a shago: na cire sautin wata fitowa na nuna wa yarana, suka kalla suna cin gyaɗa. Na mayar da sautin, ɗaya ya tashi ya kunna fitila. Kuma dalilin ƙarfin sautin nasu abin sha'awa ne. A wancan zamani Italiyawa ba su cika ɗaukar murya a wurin ɗaukar hoto ba. Ɗan wasa na Ingila ya yi Turanci, na Jamus ya yi Jamusanci, na gida ya yi Italiyanci, daga baya a shiga situdiyo a ɗora murya da takun ƙafa da ƙarar ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa baki ke saɓawa da magana. Turawa suna yi wa abin dariya. Mu da muka tashi da fassarar finafinan Indiya ko a jikinmu.

Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995, ginshiƙansa kamar bishiyoyin dabino. Daga nan na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Prati, kusa da fadar Fafaroma, inda kantin Profondo Rosso yake a titin Via dei Gracchi. Argento ya buɗe shi a 1989 tare da abokin aikinsa Luigi Cozzi. Na zaci wani katafaren wuri ne. Ashe ɗan shago ne, bai fi na mai sayar da littattafai a bakin kasuwa ba, an cunkushe shi da fuskokin roba da littattafai da fastoci har rufi. Ka biya 'yan yuro kaɗan, a nuna maka matakala zuwa ƙasa.

Ni kaɗai na sauka. Lungu ne na jan bulo, mai warin danshi, da ɗakuna kamar kurkuku a gefe, kowanne da kayan da aka yi aiki da su a fim, murya tana bayani daga lasifika. Da na matsa kusa da wata gawar roba sai na ga fentin ya fara ɓarewa, ga ƙura a gashinta, ga bakin waya ya leƙo ta wuya. Abin da ya hana ni barci a Kano, ga shi nan roba da waya. Ban ji an cuce ni ba, girman masu aikin ne ya ƙaru a idona. Aikin hannu ne, irin na maƙeri da dukawa. Ɗaya daga cikinsu, Carlo Rambaldi, ya ƙera karnukan roba a wani fim na Lucio Fulci na 1971, suka yi kama da gaske har aka kai darakta kotu bisa zargin azabtar da dabbobi. Sai da Rambaldi ya kawo karnukan gaban alƙali aka sallame shi. Shi ne daga baya ya ƙera halittar E.T. a Amurka ya ci Oscar.

Kada in yi ta yabo kamar maroƙi. Da yawan finafinan nan shara ne. Da kasuwa ta buɗe bayan 1970, kowa ya sayi baƙar safar hannu da reza ya shiga, aka yi ta fitar da su barkatai, labari ba kai ba gindi. Tsiraici ya yi yawa, ba abin da za ka kunna a falo ba ne. Kuma akwai abin da ke damuna ko a masu kyaun: yawanci mace ce ake yankawa, kyamara kuma tana jan lokaci a kanta kamar mai jin daɗi. Argento da kansa yake sa safar, hannunsa ne ake gani yana kisan a finafinansa, kuma har yau ban san yadda zan ɗauki wannan ba. Finafinan masu cin naman mutane da suka biyo baya, inda aka kashe dabbobi na gaske aka mayar da mutanen daji dodanni, waɗannan ko kyauta ba na so.

Amma Fulcin nan da ake yi wa kallon mahauci, shi ya yi fim ɗin da ya fi tsaya mini a rai, a 1972. Wani ƙauye ne a kudancin Italiya, ana ta kashe yara maza. Mutanen gari suka ce wata mata ce, mayya ce, ai an ganta tana soka allura a 'yar tsana. 'Yan sanda suka bincika suka sake ta, don ba ita ba ce. Maza suka tare ta a maƙabarta da sarƙoƙi, rediyon mota yana ta waƙar soyayya. Ta ja jiki har bakin babban titi, motocin masu zuwa hutu suna wucewa, ba wanda ya tsaya. Mai kisan kuwa mutum ne da duk garin ke gaisarwa da ladabi. Duk wanda ya taɓa jin an yi wa wata tsohuwa ihun mayya a unguwa, ba sai an fassara masa fim ɗin nan ba. Kuma ba a sama suka tsinci wannan rashin yarda ba. A Disambar 1969 bam ya tashi a wani banki a Milan ya kashe mutum 17, aka kama waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, aka shekara da shekaru ana shari'a. A 1978 aka sace tsohon firaminista Aldo Moro, bayan kwana 55 aka tsinci gawarsa a but ɗin mota a tsakiyar Roma. Mutanen da ke karanta wannan da safe su ne ke shiga silima da dare.

Na fito daga ginin ƙasan na sayi fasta ɗaya, mai shagon ya naɗe mini ita a takarda. Na sha kofi a tsaye a kantin kusa, yadda suke yi, kurɓi biyu an gama.

Daren da zan koma Turin, wajen ƙarfe ɗaya, waya ta tashe ni. Ɗan yayata ne, da ƙaramar murya.

"Kawu, na kalli fim ɗin naka."

Na ce to, ya aka yi?

"A wane minti fuskar take? Na koma baya sau biyu ban gan ta ba."

Na ce ya sake dubawa, ya bar kallon zanen, ya kalli abin da ke tsakaninsu. Ya yi shiru, ina jin ƙarar linzamin kwamfuta. Can sai na ji ya ce "Innalillahi," kujera ta yi ƙara.

"Kawu, jirgin ƙarfe nawa za ka biyo gobe?"